Ƙwayar Ranar Laraba

Dogon Dutsi, bayan ƙaramar Sallah, 1956

Zuwa ga aminina kuma surukina Mani, a Jega.

Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya kasuwa, yaya zafin bazara a wajenku? Mu nan Dutsi sai godiyar Allah. Rijiyoyi sun yi ƙasa, amma ba mu rasa na sha ba. Na yi ɗinkin Sallah har ƙafata ta kumbura a kan keke. Ɗiyarmu Sa'a ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun zube, ta daina dariya sai da hannu a baki.

Bayan haka, akwai maganar da na daɗe ina juyawa ban san ta inda zan kamo ta ba. Maganar ƙanwarka Zalihatu ce. Tun kakar bara wani tabo ya fito mata a bayan damtsen hagu, ja-ja, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Muka ce makero ne, muka shafa abin da ake shafawa. Cikin azumi tana sauke tukunya garwashi ya faɗo mata daidai wurin. Ni da nake zaune a ƙofar ɗaki ni na ji ƙaurin fata, ita ba ta ji komai ba. Ka san abin da hakan yake nufi. Babbar cuta ce, Mani, kuturta.

Zalihatu ta ware ƙwaryarta da ludayinta, ta hana Sa'a hawa cinyarta. Daga baya ta ce in mayar da ita gidanku Kiece wajen Inna tun mutane ba su fara gudun shagona ba. Na ce mata ni ba damtse na aura ba. Na ɗauki ƙwaryar da ta ware na sha fura a ciki a gabanta, ta yi kuka har ta gaji.

Amma ba don in tayar maka da hankali na rubuto ba, albishir ne ya biyo baya. Nasara sun kawo sabon magani. A gidan likita na nan akwai wani anfirme, wato ma'aikacin da ke ba da magani, sunansa Ɗantala, mutum mai haƙuri. Ya shafa mata auduga a kan tabon, idonta a rufe, ba ta ji ba, ya tabbatar, sa'annan ya ce mun zo da wuri, ko yatsa ɗaya ba za ta rasa ba in Allah ya yarda. Maganin 'yar ƙwaya ce fara, ba ta kai ƙwayar wake ba, suna ce mata sulfon. Duk Laraba ake sha a gindin gawon da ke bayan gidan likita. Ka tuna Iya Hure, Bafillatanar da ke kawo mana nono? Ashe shekara guda ke nan tana sha, tabon fuskarta ya dushe har sai ka ƙura ido. Ita ta riƙe hannun Zalihatu ranar farko.

Abin da Ɗantala ya fi nanatawa shi ne kada a tsallake Laraba. Ka san ƙanwarka, ko ruwa ake da ƙanƙara za ta je.

Kada ka gaya wa Inna tukuna. Zalihatu na so sai tabon ya tafi ta je da kanta ta ba da labari ana dariya. Tana gaishe ka, Sa'a na gaida kawunta.

Naka har kullum,
Maikano tela

Dogon Dutsi, farkon damina

Zuwa ga Mani.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya yara, yaya ruwa? Mu an yi mana na shuka, mutane duk sun watse gona, gari ya yi shiru sai awaki.

Saƙonka ya iso ta hannun fataken Kore Mairuwa. Zanen ya yi kyau ƙwarai, goron kuwa har maƙwabta sun samu. Mun ga kuma ƙullin fararen ƙwayoyin nan na ƙasar Ingilishi da ka ce ba zazzaɓin da ke tsaya musu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Kamar ka san muna bukata.

In fara da mai daɗi. Makonnin farko Zalihatu ta dawo yadda ka san ta. Ta koma waƙa a bakin turmi, ta mayar da ƙwaryarta cikin namu. Duk safiya sai ta kira ni in duba mata damtsen, tunda ita ba ta iya hango wurin, ni kuma in ce ya ragu. Wallahi ina ganin ya ragu ɗin.

To bayan Laraba ta biyar sai zazzaɓi ya kama ta. Jiki zafi rau, kaluluwa ta fito mata a wuya da hammata, ga wasu ƙuraje ƙanana ja kamar ƙyanda a ƙirji da baya. Maƙwabciyarmu ta ce iska ce, a kira masu bori. Ni na ce zazzaɓin damina ne, kowa na yi. Ɗantala ba ya gari, ya hau doki ya tafi kai magani ƙauyukan Tibiri da Dumega, amma kafin ya tafi ya bar wa kowa ƙwayar mako biyu a hannu. Jiya Laraba ta tashi zaune da ƙyar ta haɗiyi tata, ta ce zazzaɓi ba zai sa ta koma baya ba. Naka kuma na fara ba ta safe da yamma kamar yadda ka ce. Yau da safe jikin ya ɗan yi sanyi, ta sha kunu. Ina sa rai kafin wasiƙar nan ta same ka ta miƙe.

Ta ce in gaya maka zanen na babbar Sallah ne, ba za ta taɓa shi ba sai ranar. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Maikano

Dogon Dutsi, bayan babbar Sallah

Zuwa ga Mani.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya kamar yadda kai ma za ka yi mini. Yaya haƙuri? An ce manzon da muka aika bai same ka ba, ka tafi Kurmi sayen goro. Na san yanzu labari ya riske ka. Kai ne yayanta, ya kamata ka ji yadda abin ya kasance daga bakina.

Sanyin da na gaya maka jikinta ya yi bai kai kwana biyu ba. Zazzaɓin ya dawo fiye da da. Leɓunanta suka yi shuɗi kamar ta ci baban rini, idanunta suka koma rawaya, fitsarinta kamar jiƙon goro. Ƙurajen nan suka haɗe suka zama abu ɗaya, fatar ta fara saɓulewa kamar ɓawon albasa. In na juya ta sai in ga ta bar wata a kan tabarma. Bakinta ya yi gyambo, ruwa ma sai da tsumma nake ɗiga mata.

Ranar da na ji Ɗantala ya dawo, muka ɗauke ta a gadon kara, ni da maƙwabta. Ko sirdi bai kwance wa dokinsa ba. Da ya ɗaga mayafin ya gan ta sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ni yaushe zazzaɓin ya fara, ko ta ci gaba da shan ta Laraba, ko ta sha wani abu ban da ita. Na gaya masa duka. Ya ce daga yanzu ko ƙwaya ɗaya kada ta ƙara shiga cikinta, kowace iri ce. Ya sa aka buga waya Dosso a kira lokotoro, wato babban likitan Nasara. Ruwa ya yanke hanya, sai a kwana na uku motarsa ta iso. Ya yi mata allurai, ya sa aka lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta da mai. Ban ga wanda ya yi sakaci ba a cikinsu. Ɗantala a bakin ƙofarta yake cin abincinsa.

Inna ta zo daga Kiece a kan jaki. A nan ta fara jin komai, cutar da maganin gaba ɗaya. Ta zauna ta ɗora kan ɗiyarta a cinya.

Ranar Alhamis da hantsi Zalihatu ta buɗe ido, hankalinta ya dawo sarai. Ta tambayi Sa'a, aka ce tana wajen Iya Hure. Sa'annan ta juyo da damtsenta wajena, ta ce, “Maikano, duba mini. Ya tafi?”

Mani, babu abin dubawa. Fatar wurin duk ta tafi tare da sauran. Na sunkuya na duba kamar yadda na saba, na ce mata ya tafi, babu ko alama. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ce to a bar Sa'a ta zo ta hau cinyarta. Kafin a je a zo da yarinyar Allah ya karɓi abinsa.

An rufe ta bayan azahar. Zanenka yana cikin adaka da ninkinsa. Ranar Sallah na rufe shago na zauna a ciki.

Lokotoro ya yi mini wani bayani kafin ya koma, sai mun haɗu. Inna ta so ta tafi da Sa'a, na roƙe ta ta bar mini ita. Ka yi mata addu'a, ka yi mana.

Ɗan'uwanka,
Maikano

Dogon Dutsi, lokacin kaka

Zuwa ga Mani.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya ƙarin haƙuri? Mu nan ana ta yankan hatsi, bana an samu. Sa'a lafiya lau, tana kwana wajen ƙanwata, da rana tana shago tana tsince mini ƙyallaye.

Wasiƙarka ta zo. Na karanta ta, na ajiye, na sake ɗauka. Ka ce Inna ta gaya maka an yi maganar ƙwayoyin da ka aiko, ka haɗa ni da Allah in gaya maka ko su suka kashe ta. Da na so mu yi wannan magana muna zaune a tabarma ɗaya, amma tunda ka roƙa, ga abin da lokotoro ya ce, Ɗantala yana fassarawa. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya ce ƙwayar Laraba magani ce ta gaskiya, ta warkar da mutane masu yawa. Amma a cikin jama'a akan sami wani ɗaya wanda jininsa ba ya karɓarta, kuma ba a gane shi da ido. Irin wannan mutum yakan sha lafiya lau har mako biyar ko shida, sa'annan jikinsa ya tayar wa maganin, zazzaɓi da ƙuraje da shawara su biyo baya. Zazzaɓin Zalihatu ba na damina ba ne, maganin ne da kansa. Da an tsayar da shi a ranar farko, mai yiwuwa da ta tashi. Naka kuma, ya ce sunansu sulfamid, dangin ƙwayar Laraba ne na kusa, kamar wa da ƙane. Su ma magani ne mai kyau a inda ya dace. Amma jikin da ya riga ya ƙi ɗaya, in aka ƙara masa ɗayan, an haɗa masa biyu ke nan, hanta da jini su kasa ɗauka. Na tambaye shi da ba ta sha naka ba fa? Ya ce bai sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake.

To ka ji. Kai ka aiko, ni na ɗebo ruwa na ba ta, Ɗantala ya ce kada a tsallake, ita kuma ta haɗiye don tana son ta rungumi ɗiyarta ba da tsoro ba. Na zauna na duba mu huɗun nan, na rasa wanda zan riƙe a zuciya. Kowa sonta yake. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne cutar da muke gudu ba ta kisa da wuri. Da mun bar ta da tabonta da yanzu tana tsakar gida tana sussuka.

Wani abu kuma ya faru a gari. Tun rasuwarta gindin gawo ya watse. Masu zuwa Laraba sun ragu sai Iya Hure da wasu tsofaffi. Ana cewa Nasara sun kawo guba don su rage kutare. Mutane na zuwa shagona ba don ɗinki ba, so suke su ji na tsine wa maganin. Ni kuwa bakina ya ƙi. Ina kallon fuskar Iya Hure duk safiya in ta kawo nono, fes kamar ba ta taɓa ciwo ba. Yaya zan ce guba ne? Yaya kuma zan ce ba guba ba ne?

Ɗantala ya daina bi ta gaban shagona, sai ya zagaya ta bayan masallaci. Ran nan na tare shi na ce ya kawo rigar aikinsa in gyara masa aljihun da ya yage. Ya kawo. Yana tsaye ina ɗinki, hawaye na zubo masa.

Kada ka ɗora wa kanka abin da Allah bai ɗora maka ba. Ka rubuto.

Naka,
Maikano

Dogon Dutsi, bazarar 1957

Zuwa ga aminina Mani.

Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya yi kewa. Yaya gida, yaya yara? Tun kaka ban ga amsarka ba. Fatake sun ce kana lafiya, amma ka rame, kuma in an ambaci Dutsi sai ka tashi daga wurin. Ban yi fushi ba. Ina da labarin da dole ka ji, don kai ne kawunta.

Cikin sanyin da ya wuce ƙanwata tana yi wa Sa'a wanka ta ga tabo a bayanta, ƙasan kafaɗa. Ta kira ni. Ban bukaci kowa ya gaya mini ko mene ne ba.

Ban san yadda zan kwatanta maka kwanakin da suka biyo ba. In na dubi hannayenta, 'yan yatsun nan da take tsinto mini allura da su, sai in ga mutanen da ke zaune bakin kasuwa ba yatsu. In na tuna gindin gawo sai in ga uwarta a kan tabarma. Inna ta aiko cewa in na ba yarinyar ƙwayar nan ba ita ba ni har abada. Na nemi na gargajiya, na shafa, na yi turare, tabon sai faɗi yake.

Da lokotoro ya zo rangadi na kai ta. Na tambaye shi ko abin da ya sami uwa yana bin ɗiya. Ya ce ba shi da tabbas, yana iya bi, yana iya ƙi. Ya ce abin da zai iya shi ne a fara da ɗan ɓarɓashi, rubu'in ƙwaya, a ƙara a hankali. Wata biyun farko Ɗantala ya gan ta kullum. In jikinta ya yi ɗumi ko ƙurji ɗaya ya fito, a tsaya nan take. Kuma kada wani magani ya shiga bakinta, na kanti ko na daji, sai an tambaya. Ya ce shawara tawa ce.

Ranar Laraba na kai ta gindin gawo. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallonmu. Ɗantala ya fasa ƙwayar da wuƙa, ya miƙo ɓarɓashin. Na karɓa. Sa'a ta dube ni ta ce, “Baba, irin na Inna ne?” Uwarta take nufi. Na ce irinsa ne. Ta ce, “In na sha wajenta za ni?” Na ce a'a, in kin sha wajena za ki zauna. Ta buɗe baki na sa mata.

Tun daga ranar, duk wayewar gari sai na fito da ita haske, in buɗe idonta in duba farin, in duba leɓe, in shafa wuya, in ɗaga riga. A mako na biyar da na shida ban taɓa keke ba. Rannan ta yi atishawa sau biyu na ɗauke ta a guje har gidan likita, ashe barkono ake dakawa a maƙwabta.

Yanzu wata na huɗu ke nan. Ba zazzaɓi, ba ƙurji. Tabon ya tsaya, gefensa ya fara dushewa. Ɗantala ya ce ta wuce wurin tsoro. Mutane kuma da suka ga mijin Zalihatu ya kai ɗiyarsa da hannunsa, sun fara komawa gindin gawo kaɗan-kaɗan. Yanzu kafin ya ba kowa sai ya tsayar da shi ya gaya masa alamun da in ya gani zai daina sha ya zo. Inna ta aiko wa Sa'a da gyaɗa, ba ta ce a gaishe ni ba, amma ta aiko.

Na zaci ranar da aka ce ta tsira zan yi murna. Na yi godiya ga Allah, sa'annan na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Abin da ya tsare ɗiyar bai wuce magana uku ba, Mani: a fara kaɗan, a tsaya in jiki ya yi zafi, kada a haɗa da wani. Magana uku da yaro zai iya riƙewa. A kan uwarta muka koye su.

Sa'a tana tambayarka. Ta ce ko kawu ma ya mutu ne ake ɓoye mata. Na rantse mata kana raye, ta ce to me ya hana ka zuwa. Ni na rasa matata, kada ka sa in rasa aboki a kan abu ɗaya. Ba ka ga kabarin ba har yau, ni kuma na gaji da zuwa ni kaɗai. Ka taso kafin ruwa ya yanke hanya. Kada ka tsaya neman tsaraba, ka zo hannu wofi, kai muke so.

Naka har abada,
Maikano